Yaya masu zuhudun addinin Buddha da ba sa taɓa kuɗi suka mallaki daji da gidajen ibada a Ingila?

Bakanuwa a Hampshire ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina aikin jinya a kudancin Ingila, kuma a makon jiya na ga wani abu a garin Petersfield wanda har yau yake yi mini yawo a rai. Na fito cefane da hantsi, sai na tarar da maza biyu tsaye a gefen dandalin kasuwa, kawunansu a aske ƙwal, sun yafa mayafi mai launin ƙasa, kowannensu ya rataya wata ƙwarya mai murfi a kafaɗa. Dukansu Turawa ne, kuma ɗaya daga cikinsu ya manyanta. Ba su kira kowa ba, ba su miƙa hannu ba, idanunsu na kallon ƙasa kamar masu jiran wani abu da ba su damu ko ya zo ko bai zo ba.

Ina tsaye wata tsohuwa ta zaro sulalla daga jakarta za ta saka wa babban a ƙwarya, sai ya bar murfin a rufe, ya yi murmushi ya faɗa mata wata magana a hankali. Ta shiga kanti, ta fito da burodi da ayaba da ɗan cuku, wannan karon kuwa ya buɗe murfin ya karɓa da hannu biyu. Da na ba wata abokiyar aikina labari, sai ta ce mini ai daga Chithurst suke, wani ƙauye da ke tsakanin Petersfield da Midhurst, kuma suna da katafaren gida da daji guda a can, ban da wani wurin da ya fi shi girma a arewa da Landan.

Ba neman addini nake yi ba, neman sani ne kawai. Mutanen da ba sa karɓar ko sisin kwabo, ta yaya suka samu gida da daji a yankin da fili ke da tsadar da ma'aikaci ba ya ko mafarkinta? Wane ne ya kafa wurin, kuma wa ke biyan kuɗin wuta da gyaran rufi? Sannan abin da na gani, shin daidai yake da barar almajirai da muka taso muna gani a gida, ko kuwa kama ce kawai ta ido?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Amsar tambayarki ba a Ingila ta fara ba, a arewa maso gabashin Tailan ta fara, a lardin Ubon Ratchathani, yankin manoman shinkafa da ke cikin mafi talauci a ƙasar. A can aka haifi Ajahn Chah, malamin da tsarin waɗannan masu zuhudu ya samo asali daga gare shi, a 1918, kuma kalmar Ajahn a harshensu malami take nufi. Ya zama cikakken mai zuhudu a 1939, daga 1946 ya shiga yawo a ƙafa cikin dazuzzuka da maƙabartu yana horar da kansa, har ya zauna kwanaki kaɗan wurin Ajahn Mun, dattijon da ya farfaɗo da zuhudun daji a ƙasar. A 1954 mahaifiyarsa da mutanen ƙauyensu suka roƙe shi ya dawo kusa da gida, sai ya sauka a wani daji da ake kira Pah Pong, wanda mutane ke gudu saboda zazzaɓin sauro da kuma imaninsu cewa aljanu sun yi masa yawa. Daga 'yan bukkokin da aka kafa a wannan daji aka samu Wat Nong Pah Pong, wanda rassansa a yau sun haura 250.

Abin da ya bambanta shi da sauran gidajen ibadar ƙasar shi ne tsananin riƙo da ƙa'idoji 227 na masu zuhudu, waɗanda suke taruwa su karanta duk bayan mako biyu. A cikinsu akwai hanin karɓar kuɗi ko riƙe su, da hanin cin abinci bayan rana ta take tsaka, da hanin ajiye abinci ya kwana, da hanin haƙa ƙasa ko sare tsiro mai rai. Kuma duk abin da za su ci sai wani ya miƙa musu shi da hannunsa a wannan ranar. Idan kika haɗa waɗannan za ki ga mutum ne da aka ɗaure wa hannu da gangan: ba ya noma, ba ya ciniki, ba ya tanadi, don haka ba zai kwana biyu a wurin da babu mai son zamansa ba.

A 1967 wani Ba'amurke ya iso dajin. Sunansa na yanka Robert Jackman, haifaffen Seattle a 1934, ya yi aikin jinya a sojan ruwan Amurka, ya yi digiri na biyu a jami'ar Berkeley, ya kuma koyar da Turanci a Sabah ta tsibirin Borneo kafin ya ɗauki mayafi da sunan Sumedho. Ajahn Chah ya karɓe shi bisa sharaɗin ba za a yi masa wani sassauci don shi Bature ne ba, abincin kowa zai ci, aikin kowa zai yi. Shekara goma ya yi a ƙarƙashinsa. Da Turawa suka yi yawa, a 1975 aka buɗe musu nasu wurin mai suna Wat Pah Nanachat kusa da ƙauyen Bung Wai, inda ake koyarwa da Turanci, Sumedho ne kuma shugabansa na farko. Shi ma wannan wuri mutanen ƙauye ne suka roƙi a zauna, bayan wasu masu zuhudun sun sauka a dajin da suke ƙona gawarwakinsu domin su gasa ƙoransu na ƙarfe.

A ɓangaren Ingila kuwa, tun 1956 akwai wata ƙungiyar amintattu mai suna English Sangha Trust, wadda aka kafa domin a samu masu zuhudu 'yan ƙasa, tana kuma da gida a unguwar Hampstead ta Landan. Shekara ashirin suna ta gwadawa abin bai kama ba, domin wanda ya zo shi kaɗai, in bai koma Asiya ba, sai ya ajiye mayafin ya shiga gari. A 1976 Sumedho ya bi ta Landan a hanyarsa ta dawowa daga ganin iyayensa, ya sauka a wannan gida, ya haɗu da shugaban ƙungiyar, George Sharp, wanda daga baya ya yi tattaki har Tailan ya gayyace su. A watan Mayun 1977 Ajahn Chah ya zo da kansa, ya duba, ya koma, ya bar Sumedho da wasu uku a ɗan gidan da ke bakin titi mai hayaniya. A ganina wannan ne bambanci na farko da yunƙurin baya: ba malami guda aka kawo ba, jama'a aka kawo, ko da ƙarama ce, masu tsare wa juna ƙa'ida.

Umarnin da ya bar musu, wanda a lokacin ya yi kama da wauta, shi ne su ci gaba da fita da ƙwarya kowace safiya kamar suna ƙauyen Tailan, ko da babu mai saka musu komai. Galibi haka suke dawowa da ita fayau, abincinsu kuwa magoya baya ne ke kawowa gida. Ana ba da labarin cewa tun suna Tailan Sumedho ya taɓa nuna shakkar za a iya irin wannan rayuwa a ƙasar Turawa, malamin ya tambaye shi ko yana nufin babu mutanen kirki a can ke nan. To, a 1978, a kan wannan fita ta banza a ido, wani mutum mai gudun motsa jiki a filin Hampstead Heath ya tsaya ya yi magana da su. Ashe ya sayi wani daji a West Sussex mai suna Hammer Wood da niyyar ya raya shi, aikin ya fi ƙarfinsa, yana neman waɗanda za su zauna su kula da shi. Daga ƙarshe ya ba su kyautarsa, eka 108.

Daji ba wurin kwana ba ne a sanyin Ingila, kuma doka ba ta barin a gina gida a cikinsa yadda aka ga dama. Sai aka yi dace akwai wani tsohon gida na zamanin Sarauniya Biktoriya a kusa, Chithurst House, wanda ya lalace har ya zama kango: a cikin ɗakuna kusan ashirin huɗu ne kawai ake iya shiga, rufi na yoyo, katakon daɓe ya ruɓe, harabar cike da matattun motoci. Amintattun suka sayar da kadararsu ta Hampstead suka saye shi, masu zuhudun suka tare a ranar 22 ga Yunin 1979, suka sa wa wurin suna Cittaviveka, wato keɓewar zuciya. Shekarun farko aikin leburanci ne zalla, su da masu sa kai suna ɗebe shara, suna sauya katako, suna kwana cikin sanyi. Maƙwabta ma ba su saki jiki da su nan da nan ba, wanda ba abin mamaki ba ne ga ƙauyen Turawan da ya wayi gari ya ga mutane masu aski da mayafi suna bin hanyarsa a jere.

Shekarar da nake ɗauka ita ce ta haihuwar wurin a haƙiƙa ita ce 1981, lokacin da wani dattijon malami daga Siri Lanka, Ananda Maitreya, ya shata musu iyakar da a cikinta kaɗai ake iya naɗa sabon mai zuhudu, aka kuma ba Sumedho izinin naɗawa. Naɗin yana buƙatar aƙalla masu zuhudu biyar, kuma mai naɗawar sai ya cika damina goma cikin mayafi. Daga ranar ba sai an aika kowa Tailan ba. A shekarar aka buɗe reshe a Harnham ta Northumberland, a 1983 wani a Devon, sannan a Agustan 1984, da Chithurst ya cika, aka sayi wata tsohuwar makaranta mai dogayen ɗakunan katako a Great Gaddesden kusa da Hemel Hempstead. Wannan ne Amaravati, babban wurin da abokiyar aikinki take nufi.

Ɗan Tsangaya ya amsa:

Allah ya gafarta Malam, mun ƙaru ƙwarai. Ni zan taɓa tambayar Hajiya ta ƙarshe ne, domin na yi shekara bakwai da allo da ƙoƙo kafin na shiga boko, kuma ina ganin kamar ba ta wuce ta ƙwaryar ba. Almajiri yaro ne da iyayensa suka danƙa wa malam, ba shi ya zaɓa ba, alhali kuwa a wajen waɗannan mutane ba a yi wa mutum cikakken naɗi sai ya kai shekara ashirin ya kuma nema da bakinsa. Almajiri da murya yake bara, yana tsaye a zaure yana kiran iya ko ɗan ƙanzo, ya karɓi kuɗi in an ba shi, ya ajiye ragowar tuwo ya ɗumama da safe. Waɗannan kuwa, bisa bayanin Malam, ba su roƙo da baki, ba su karɓar kuɗi, ba su kwana da abinci. Sannan barar almajiri mataki ne da ake wucewa. Yaro zai zama gardi, ya yi wa malam noma da damina, ya koyi ɗinkin hula ko yankan farce, ya sauke, ya yi aure ya kafa gidansa. Su kuwa sun bar aure da sana'a gaba ɗaya, irin rahbaniyyar da mu addininmu bai zo da ita ba. Inda na ga sun haɗu shi ne tunanin cewa ciyar da mai neman ilimi nauyin gari ne, kuma mai bayarwa yana ganin shi ma ya samu lada.

Amma ina da ja a kan labarin kansa. Yana da daɗin ji a ce an fita da ƙwarya an dawo da daji, sai dai ba a gyara rufin gida mai ɗaki ashirin da burodi da ayaba. Kafinta kuɗi yake karɓa, kamfanin wuta kuɗi yake karɓa, hukuma ma ba ta san zuhudu ba in lokacin biyan inshora ya yi. Idan mutum ya ce ba ya taɓa kuɗi alhali wani na tsaye a bayansa da jaka yana biya masa komai, ni ban ga ya rabu da kuɗi ba, ya dai samu mai ɗaukar masa kaya. Ina so wanda ya san wurin da idonsa ya gaya mana ko wane ne mai jakar.

Mazaunin Luton ya amsa:

Malam Ɗan Tsangaya, jan da ka yi yana kan hanya, kuma su kansu ba sa ɓoye mai jakar. Ina tuƙin tasi a wannan yanki shekaru da dama, na sha kai iyalai 'yan Tailan da 'yan Siri Lanka Amaravati ranar Lahadi, but ɗin mota cike da tukwanen shinkafa da miya, kuma sau biyu na amsa gayyatarsu na shiga na ga yadda ake yi.

Takardun filaye da gine-gine ba su da sunan wani mai zuhudu a kai. Na Amaravati da Chithurst suna hannun ƙungiyar amintattun nan da Malamin Tarihi ya ambata, wadda ke da rajista a matsayin ƙungiyar agaji, kuma dole ta miƙa lissafin shigarta da fitarta kowace shekara ga hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ƙungiyoyi. Idan ana son kwatance daga wajenmu, ya fi kusa da waƙafi da nazirai masu kula da shi. A cikin gidan kuma akwai wani rukuni masu fararen kaya da ake kira anagarika, sababbin shiga ne masu riƙe da ƙa'idoji takwas, suna yin aƙalla shekara guda a haka kafin su ci gaba. Su ne ke tuƙa mota, su shiga kicin, su riƙe kuɗin tikitin jirgi in malami zai yi tafiya. Saboda haka gaskiyarka ce, kuɗi na aiki a wurin. Abin da na lura da shi dai shi ne shugaban gidan ba shi da asusun da zai zari kuɗi ya sayi abin da ransa ke so, kuma ranar da mutane suka daina zuwa da tukwane, ranar za a rasa abin kari.

Mafi yawan masu tukwanen ba Turawa ba ne. Turawa sun fi zuwa zaman natsuwa da sauraron karatu, 'yan Asiya mazauna Birtaniya kuwa sun taso da al'adar kai sadaka, kuma su ne ƙashin bayan ciyarwar. Bayan zaman damina na wata uku, wanda ke kamawa daga wajen Yuli zuwa Oktoba, ana bikin Kathina inda ake kai kyautar yadin mayafi tare da gudummawa mai kauri, kuma a ranar wurin ajiye mota ba ya isa. Babban ɗakin ibadarsu mai ginshiƙan itacen oak da gudummawa aka gina shi, da yawanta daga Tailan, kuma yayar Sarkin Tailan na lokacin, Gimbiya Galyani Vadhana, ita ta halarci buɗe shi a Yulin 1999. Wanda ya ce mai gudun motsa jiki kaɗai ya gina wannan al'umma bai faɗi rabin labarin ba.

Ga abin da na gani a lokacin cin abinci, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Kowa ya tuɓe takalmi a ƙofa ya zauna a ƙasa. Masu zuhudun suka shigo a jere bisa yawan daminar da kowa ya yi cikin mayafi, ba bisa shekarun haihuwa ba, har na ga mai furfura yana bin bayan saurayin da bai fi ɗansa ba. Mutane suka yi layi, kowa da ludayi, ana zuba musu shinkafa kaɗan-kaɗan a ƙwarya, wata yarinya 'yar shekara biyar uwarta na riƙe da hannunta don kada ta zubar. Suka yi wata addu'a da harshen Pali, tsohon harshen littattafan addininsu, da murya ɗaya mai kauri, sannan suka haɗa komai a ƙwarya guda, shinkafa da miya da kayan zaƙi, suka ci shiru. Sai da suka ɗiba sannan aka ce kowa ya ɗauki faranti, har da ni direba, kuma babu wanda ya tambaye ni addinina ko ya nuna mini akwatin gudummawa. Littattafansu ma a jere suke a kan kanta kyauta, an rubuta a jikinsu cewa ba na sayarwa ba ne.

Game da ibadar da ke jawo Turawan, na ga masu fassara na cewa zuzzurfan tunani, kuma ina ganin fassarar ta kauce, domin ba zama ake yi a yi ta tunani ba, kusan akasin haka ne. Mutum zai zauna ya miƙe bayansa, ya sa hankalinsa kan shigar numfashi da fitarsa, duk lokacin da zuciya ta tafi kasuwa ko wajen bashin da ake binsa, sai ya lura ta tafi, ya dawo da ita ba tare da faɗa ba. Wasu na haɗawa da kalmar Buddho, rabi a shaƙa, rabi a fitarwa. Akwai kuma na tafiya, inda ake zaɓar hanya mai taku ashirin zuwa talatin a yi ta kai da komo a kanta. Ni zaman natsuwa nake ce masa. Suna yinsa da asuba da kuma dare tare da karatun baiti, a ranakun cikar wata da sabon wata kuma sukan kai tsakar dare ko fiye. Daga Janairu zuwa Maris gidan kan shiga wani abu mai kama da halwa, a dakatar da yawancin ayyuka, masu sa kai su karɓi kicin. Wannan tsari na hunturu a Turai suka ƙirƙiro shi, domin daminar Tailan ta faɗo ne a lokacin da Ingila ke da rana da damar aikin gini.

Bakanuwa a Hampshire ta sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara sani. Abu ɗaya ne ban ji an taɓa ba. Duk sunayen da aka lissafa na maza ne, alhali ina zaton mata ne suka fi yawa a masu dafawa da kawo tukwanen da Malam na Luton ya ambata. Shin akwai mata masu zuhudu a cikinsu, kuma ina matsayinsu?

Malamin Tarihi ya amsa:

Hajiya, kin sa yatsa a kan gyambon da bai warke ba. Akwai su tun farko. A Oktoban 1979, wata huɗu kacal da tarewa, mata huɗu suka ɗauki ƙa'idoji takwas da fararen kaya, aka ba su wani ɗan gida a bakin rafi kusa da dajin. Matsalar ita ce a mazhabar Theravada, wadda Tailan da Siri Lanka da Bama ke bi, silsilar cikakken naɗin mata ta yanke kusan shekara dubu da suka wuce, kuma malaman gargajiya na cewa ba za a iya ɗaura ta ba tunda naɗa mace na buƙatar matan da aka riga aka naɗa. A Tailan ma tun 1928 shugaban malaman ƙasar ya hana maza masu zuhudu naɗa mata. Sai Sumedho ya nemi izinin dattawan Tailan ya buɗe wata hanya ta tsakiya a 1983, mai suna siladhara: matan suka koma mayafi mai launin ƙasa mai duhu, suka ɗauki ƙa'idoji goma har da barin kuɗi, suka samu ƙwarya, daga baya aka tsara musu ƙarin dokoki, har suka zama masu koyarwa da jagorantar halwa. Idan aka auna da halin matan Tailan masu fararen kaya, wannan babban ci gaba ne. Idan kuma aka auna da abin da matan Turai suka taso da shi, tsayawa ce a rabin hanya.

Abin ya fashe a 2009. A shekarar aka gabatar wa matan wasu sharuɗɗa biyar, waɗanda a cikinsu aka bayyana cewa namijin da aka naɗa jiya yana gaba da macen da ta fi kowa daɗewa, kuma tsarin siladhara ba tsani ba ne zuwa cikakken naɗi. A Oktoban shekarar kuma, a can Ostireliya kusa da Perth, Ajahn Brahm, ɗan Landan da ya karanta kimiyyar fiziks a Kambirij kafin ya zama almajirin Ajahn Chah, ya shiga cikin yi wa mata huɗu cikakken naɗi a gidansa na Bodhinyana. A farkon Nuwamba taron dattawa a Wat Nong Pah Pong ya cire gidan nasa daga jerin rassa. Mata da dama sun bar Amaravati da Chithurst a shekarun da suka biyo baya, wasu suka koma rayuwar gida, biyu daga cikin manyansu kuma suka karɓi cikakken naɗi a Kaliforniya a 2011 suka ci gaba da nasu wurin. Waɗanda suka zauna suna nan har yau.

Ra'ayina shi ne igiyar da ta ɗaure su da Tailan ita ce ta ba su ƙa'ida mai ƙarfi da amincewar masu kawo tukwane, ita ce kuma ta hana su motsi a wannan batu, kuma ban ga yadda za su riƙe ɗaya su saki ɗaya cikin sauƙi ba. Kada kuma a ɗauka maza ba sa fita. Babu alwashin har abada a tsarinsu, wanda ya gaji yana iya ajiye mayafi a gaban shaida ya tafi, har wanda ya shugabanci Chithurst daga 1984 ya yi hakan a 1992, shekarar da Ajahn Chah ya rasu bayan kusan shekara goma yana kwance ba ya magana. Duk da haka rassa sun ci gaba da fitowa: New Zealand a 1985, Suwizalan a 1988, Italiya a 1990, sai Abhayagiri a Kaliforniya a 1996, a kan filin da wani malamin Buddha ɗan China, Hsuan Hua, ya ba su kyauta gab da rasuwarsa, duk da cewa mazhabarsu ba ɗaya ba ce. Sumedho ya sauka daga shugabancin Amaravati a 2010 ya miƙa wa Ajahn Amaro, ɗan Ingila. Kuma kada girman gine-ginen ya ruɗe ki game da yawansu, domin a ƙidayar 2021 mabiya addinin Buddha na kowace mazhaba a Ingila da Wales kusan 273,000 ne, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Mazaunin Luton ya ƙara da cewa:

Hajiya, ƙaramin bayani kan abin da kika gani a kasuwa. Idan kin lura ba su daɗe a tsaye ba, dalili shi ne dole su samu wuri su zauna su gama ci kafin rana ta take tsaka, kuma da rana suke lissafi, ba da agogon bango ba. Saboda haka a watannin da Birtaniya ke tura agogonta gaba da awa ɗaya, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, wa'adinsu kan kai wajen ƙarfe ɗaya, da hunturu kuwa sha biyu ne. Abin da aka saka musu a ranar shi ne abincinsu har wayewar gari, in ban da shayi da 'yan abubuwan da ƙa'ida ta ɗauka a matsayin magani, irin su zuma da sukari. Shi ya sa abin da zai ci nan take ya fi musu amfani a kan ɗanyar shinkafa ko gwangwanin da sai an dafa, kuma da alama abin da dattijon ya gaya wa tsohuwar ke nan kafin ta shiga kanti.